Kofi Nawa Ne, Giram Nawa Ne? Awon Cuku da Awara a Ɗakin Girki

  Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai goyo ta gyara zama. Amma a ɗan matso da rediyo kusa, kuma in da hali a sa yaro ya miƙo biro da takarda, domin yau akwai ɗan lissafi a tafe. Kada ki tsorata, uwargida, lissafin bai kai na adashi wuya ba.

Abin da ya jawo maganar yau, wata ƙanwata ce da ke aure a nan cikin Dutse. Tana zaune a ɗakinta, tana 'yar sana'arta ta soye-soye, yara suna shigowa saye. Sai maƙwabciyarta ta haihu, aka ba ta aikin abin da za a raba wa baƙi ranar suna. Ta ce bari ta yi wani abu na daban. Ta ga wani girki a wayarta, wata irin waina ce da ake yi da cuku mai laushi da ƙwai da fulawa, a soya a kasko. Mai girkin ta ce a sa cuku kofi 2, a gefe kuma an rubuta giram 450. Ƙanwar tawa ba ta da sikeli, sai ta ce ai kofi kofi ne. Ta ɗauko kofin robar da suke shan ruwa da shi, wanda yake cinye ruwan leda guda cif, ta cika shi sau biyu. Kin ga ta zuba ninkin abin da aka ce ke nan, ga shi cukun bai gama tsanewa ba. Kwaɓi ya tsinke ya yi ruwa. Duk wadda ta sa a mai sai ta dagargaje. Ƙwai ya tafi, mai ya ɓaci, madara ta tafi, ga baƙi sun fara sallama. Sai da ta aika aka ciyo mata bashin cincin aka fita kunya.

Da ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce: "Yaya, don Allah ni kam mene ne giram ɗin nan? Kuma wane kofi suke nufi?" Na ce mata matambayi ba ya ɓata, kuma na tabbata ba ita kaɗai ce ke da wannan tambaya ba. Shi ya sa na kawo ta nan, mu warware ta tare.

Bari mu fara da shi kansa cukun. In aka ce cuku, da yawanmu abin da ke faɗo mana a rai shi ne busasshen nan mai faɗi kamar takarda, wanda ake kawowa daga ƙasar Nijar, wajajen Tawa da Agadas. Wasu kuma sun san na Fulani, wanda ake dafa madara a sa mata ruwan tumfafiya ta dunƙule, a tsane, a soya. Yarbawa suna ce masa wara, a Benin da Gana kuma wagashi. Masu kallon finafinan Indiya sun sha jin ana ambatar fanir, to shi ma ɗan gidan ne. Wanda ake yawan rubutawa a girke-girken Turawa kuwa, sunansa kotej ciz, ma'ana cukun gidan ƙauye. Fari ne, mai laushi, gudaji-gudaji, ba a matse shi ba, ba a busar da shi ba, har ma akan ɗan mayar masa da madara don ya yi danshi. In kin taɓa yin awara, to kin san kamanninsa: daidai lokacin da awara ta taso a tukunya kika kwashe a ƙyalle, kafin ki ɗora mata dutse. Bambancin kawai, wannan da madarar shanu ake yi, awara kuwa da waken suya.

Yanzu sai maganar awo. Ki riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin komai. Kofi, da gwangwani, da ludayi, da mudu, duk cika suke aunawa, wato yawan wurin da abu ya cinye. Giram da kilo kuwa nauyi suke aunawa. Ai kin san mudun gero da mudun dusa, mudu ɗaya ne, amma in kika ɗaga kin san ba ɗaya ba ne. To haka abin yake a kofi. Kofi ɗaya na fulawa bai wuce giram 120 zuwa 125 ba. Kofin nan dai, in sukari ne, giram 200. In ruwa ne, wajen giram 240. In zuma ce, sai ya kai giram 340. Saboda haka babu wata amsa guda da za a ce kofi giram kaza ne. Sai an tambaya: kofin me?

Kuma ai kilo ba baƙonki ba ne. Ranar da kika haihu a asibiti aka ɗora jariri a sikeli aka ce kilo 3 ne, wannan awon ne dai. Giram 1,000 shi ne kilo 1. Rabin kilo giram 500, kwata kuwa giram 250. A ƙasar Faransa aka ƙirƙiro wannan awo, aka sa shi a doka a 1795, kuma da ruwa suka kafa shi: lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1. Mu nan Nijeriya da laba da oza ake awo tun zamanin Turawa, sai a shekarun 1970 aka koma kilo da lita, kusan lokacin da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973. Laba 1 giram 454 ce, oza 1 kuwa giram 28.

Su mutanen Amurka har yau da kofi da cokali suke girki. Wata malamar koyar da girki mai suna Fannie Farmer, a birnin Boston, ita ce ta fitar da littafi a 1896 ta nace a kan cewa kofi da cokali a shafe ake auna su, ba da tozo ba. Kofin nasu na awo ne takanas, yana cin mililita 237, a ce 240 don sauƙi. Na ƙasar Ostireliya mililita 250 ne, na Japan 200. Kin ga ko a can ma kofi suna ya tara. Ina ga namu, da akwai na shayi, akwai na silba, akwai moɗar randa?

To ga lissafin cuku mai laushi, mai danshinsa, da kofin awo na Amurka, a shafe, ba a danna ba. Zan faɗa a hankali, ki rubuta.

Kofi 1, giram 225.
Kashi uku cikin huɗu na kofi, giram 170.
Kashi biyu cikin uku, giram 150.
Rabin kofi, giram 113, ki ce 110 ba laifi.
Kashi ɗaya cikin uku, giram 75.
Kwatan kofi, giram 56.
Kofi 2, giram 450, wato kusan laba 1.
Kilo 1, kofi 4 da rabi, saura kaɗan.
Babban cokali 1 a shafe, giram 14. Cokali 16 ke cika kofi.

In girkin da giram aka rubuta shi, ke kuma kofi gare ki, sai ki raba yawan giram ɗin da 225. In kuma da kofi aka rubuta, kina son giram, sai ki ninka yawan kofin sau 225. Wayarki ma tana da wurin lissafi, ko ki ba 'yar makarantar gidan ta yi miki.

Sai dai akwai wani hanzari. Wannan giram 225 na cuku ne mai ƙananan gudaji, mai danshi. In gudajin manya ne, akwai iska a tsakaninsu, kofi ba zai wuce giram 210 ba. In kuwa an tsane shi sarai ya yi wara-wara, ba a mayar masa da madara ba, sai ki ga kofin nan ya sauko wajen giram 145. In kuma kika sa bayan cokali kika danna shi, sai ya haura 225. Dubi tazarar da ke tsakanin 145 da 225, a kofi guda, cuku guda. Dalili kuwa ruwa ne: cuku mai laushi, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Shi ya sa masu yin kek da burodi na sayarwa suka fi yarda da sikeli. Ke ma in kika ga an rubuta duka biyu, kofi da giram, to ki bi giram in da hali.

Na san wata za ta ce, to ni da ba ni da kofin awo, ba ni da sikeli, kuma ba fita nake yi ba balle in je in nemo? Kwantar da hankalinki, kayan awonki suna nan cikin gidanki.

Na farko, ruwan leda. Ki duba jikinsa, za ki ga an rubuta 50cl, wato rabin lita, mililita 500. Nauyinsa kuma rabin kilo ne, tunda mun ce lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ki tattaro kofunan gidanki, ki fasa leda guda ki gwada. Kofin da ledar ta cika shi sau biyu, ko ta cika har ɗan kaɗan ya rage kamar cokali biyu, to shi ne kofin awonki. Ki ɗaura masa zare a hannu, ki ajiye shi daban, kada yara su tafi da shi wasa. In duk kofunan sun yi girma, ki raba ruwan ledar daidai a kofi biyu iri ɗaya, ki sa wuƙa ki yi ɗan zane inda ruwan ya tsaya. Wani ruwan ledar ba ya cika awonsa, saboda haka ki gwada da biyu ko uku, ko da gorar ruwa mai 50cl.

Na biyu, gwangwanin madara, wanda muke awon shinkafa da wake da shi tun iyaye da kakanni. Ƙaramin nan na madarar ruwa yana cin wajen kashi biyu cikin uku na kofi. Wato gwangwani 1 da rabi shi ne kofi 1, gwangwani 3 kofi 2 ne. A cuku mai danshi, gwangwani 1 a shafe wajen giram 150 ne, a wanda aka tsane sarai kuwa wajen giram 100. Da ƙanwata ta san wannan, da gwangwani 3 kawai za ta auna, aikinta ya yi kyau. Amma gwangwanaye ma ba duka girmansu ɗaya ba, sai ki gwada naki: in ruwan leda guda ya cika shi sau uku, to ya yi.

Na uku, murfin maganin yara na ruwa, wanda ake zuwa da shi daga asibiti. Akwai zane a jikinsa, 5 da 10. Ƙaramin cokalin awo mililita 5 ne, babba 15. Ki wanke murfin tas, ki gwada cokulanki da shi, ki ware wanda ya yi daidai.

Na huɗu, sikelin gida. Ki samo abin rataye riga, ki rataye shi a ƙusa ko a igiyar shanya inda zai yi lilo ba abin da ya tare shi. Ki ɗaura leda iri ɗaya a kowane gefe. A gefe ɗaya ki sa ƙullin taliya wanda ba a fasa ba, mai giram 500, an rubuta a jiki. A ɗaya gefen ki riƙa zuba cuku har su daidaita. Kin sami rabin kilo ke nan. Ki cire taliyar, ki raba cukun nan a ledojin biyu har su sake daidaita, kowanne giram 250. Ki ɗebe cokali biyu daga ɗaya, abin da ya rage shi ne kofi 1 na girkin Turawa. In kuwa sana'a kike yi, to ki roƙi maigida ko ɗanki ya nemo miki ɗan ƙaramin sikelin girki mai batir. Ki ɗora kwano a kai tukuna, ki danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri, sannan ki zuba abin da za ki auna, don kada nauyin kwano ya shiga lissafi.

To yaya za ki sami shi kansa cukun? Ba sai an je babban kanti a Kano ba, a tukunyarki za ki yi. Ki sa a samo miki madarar shanu sabuwar tatsa. Ki ja kunnen ɗan aike: madara, ba nono ba. Nono ya riga ya yi tsami, an kaɗe an cire mansa, wani ma an ƙara masa ruwa, ba zai ba ki abin da kike so ba. Da damina madara ta fi samuwa kuma ta fi araha, da rani sai an yi oda tun da wuri. In akwai Bafulatanar da ke shigo miki da ƙwarya, ki gaya mata tun jiya ta ware miki kafin ta zuba a nono. Kuma ki gwada ludayinta da gwangwaninki sau ɗaya, a gabanta, cikin raha, don ku san ludayi nawa ne lita. Gwangwani 6 shi ne wajen lita 1. In kasuwar Shuwarin za a je, ko wata ruga, ki ba da robarki da kika yi wa zane, ki ce a cika zuwa nan. Wannan ya fi ki ce a sayo na kuɗi kaza, a dawo miki da abin da ba ki san yawansa ba.

Ki tace madarar, ki ɗora a wuta, ki bari ta tafasa sosai, kina juyawa don kada ta kama. Wannan tafasar kada ki yi wasa da ita. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga jikin saniya, har da na tarin fuka, da na wani zazzaɓi mai naci da ke sa ciwon gaɓoɓi. Wuta ce ke kashe su. In ta tafasa ki sauke, ki ba ta minti biyu ko uku, sannan ki zuba ruwan lemon tsami, babban cokali 2 zuwa 3 a kowace lita, kaɗan-kaɗan kina juyawa a hankali. Ruwan tsamin da kike awara da shi ma yana yi. Za ki ga farin ya ware gefe, ruwan ya koma tsarara mai ɗan launin ɗorawa. Ki rufe ki bar shi minti 10. Ita tumfafiya ki bar wa waɗanda suka gaje ta, domin ruwanta in ya shiga ido yana yin illa, ga yara a tsakar gida.

Sai ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a rariya, ki juye, ki ɗauraye da ruwan sha mai kyau don tsamin ya ragu. In mai laushi kike so, ki bari ya ɗiga na minti kaɗan, ki barbaɗa gishiri, ki mayar masa da cokali 2 ko 3 na dafaffiyar madara ko kindirmo mai kyau. In na suya kike so, ki ɗaure ƙyallen ki ɗora masa dutse kamar awara. Ruwan da ya tsane kuwa kada ki zubar. Ki kwaɓa fulawa da shi, ko ki zuba a miya, akwai amfani a cikinsa.

Lita 1 ta madara takan ba da cuku giram 150 zuwa 200, gwargwadon kyan madarar da yadda kika tsane. Saboda haka in girki ya nemi kofi 1, ki tanadi lita 1 da rabi don ki huta. In kofi 2 ne, lita 3. Kilo guda kuwa sai wajen lita 5 zuwa 6. In madarar gari za ki yi da ita, wajen kofi 1 na garin ake damawa ya ba da lita 1. Amma ki fara gwada kaɗan a ƙaramar tukunya, don wani farin garin da ake aunarwa na sa wa shayi ne kawai, ko kin zuba tsami ba zai dunƙule ba.

Yanzu bari in juyo gare ki, ke mai sana'a, mai awara ko mai cukun suya. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai ido yana gajiya, hannu kuma yana zarcewa, musamman in yaro na kuka, ga mai yana ƙonewa a wuta. Bari mu yi misali. A ce kin matse awara kilo 1, kina yanka ta giram 25 kowane yanki. Za ki sami yanka 40. Ranar da hannunki ya ɗan zarce, kowane yanki ya zama giram 30, yanka 33 za ki samu. Giram 5 ɗin nan da ya ƙaru, ido ba zai gani ba, don bai fi ƙaramin dunƙulen Maggi da komai ba, shi giram 4 ne. Amma yanka 7 sun tafi. A misali in kina sayar da yanki naira 100, kin yi asarar naira 700 a kilo guda. In kwana 6 kike yi a mako, naira 4,200. A mako huɗu, naira 16,800. Sai ki ga mace tana ta aiki, hayaƙi na cin idonta, ciniki na tafiya, amma in wata ya ƙare uwar kuɗi ta ragu, ta rasa dalili, har ta fara zargin yaran gida ko ta ce baki ne. Alhali wuƙarta ce.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ki riƙa matse awararki a mazubi guda mai kusurwa huɗu, kullum shi. Ki tsaga gida 5 a tsaye, gida 8 a kwance, yanka 40 ke nan, kowanne ɗan uwan kowanne. Waken ma ki auna shi da gwangwani tun yana busasshe, kafin ki jiƙa, domin in ya sha ruwa nauyinsa yana ninkawa har ya ɗan zarce. Gwangwani 1 na busasshen waken suya wajen giram 125 ne, gwangwani 8 wajen kilo 1. Kada ki dogara da mudu kawai, don mudun wannan kasuwa ba lallai ya zama na waccan ba, kuma tozon wannan mai awo ba na wancan ba ne. Duk ranar da aka kawo miki mudu, ki juye ki ƙirga gwangwani nawa ne. Ki sami ɗan littafi ki rubuta: wake gwangwani kaza, kuɗin niƙa kaza, mai kaza, itace kaza, yaji kaza, yanka kaza na samu. In boko bai samu ba, ki rubuta da ajami, ko ki sa 'yarki. Mako biyu kawai za ki yi, ki ga inda kuɗinki ke zurarewa.

Kuma awo kariya ce ta fuska biyu. Yadda ba kya so ki cuci kanki, haka ba kya so ki cuci mai saye. Mun san gargaɗin da aka yi mana a kan tauye mudu, har sura guda aka saukar da sunan masu yin haka. In kaya sun yi tsada, gara ki fito fili ki ce yanki ya koma kaza, da ki riƙa shaftare shi a ɓoye, ko ki bar ruwa a ciki don ya yi nauyi. Mai saye ba ya mantuwa. Gidan da aka san yankansu ba ya canzawa, yara da kansu suke kai kuɗinsu can.

Ga amfanin jiki kuma. Cuku mai laushi giram 100 yana ɗauke da wajen giram 11 na sinadarin gina jiki, wato rabin kofi ya kai ƙwai biyu. Abinci ne mai kyau ga mai ciki, da mai shayarwa, da tsofaffin da haƙori ya yi musu ƙaranci, in dai da dafaffiyar madara aka yi shi. Jariri kuwa, wata 6 na farko nonon uwa kaɗai. Bayan nan za ki iya murje masa cokali guda a kununsa, ba gishiri. Kada ki sa wa yaron da bai shekara ba zuma. Mai hawan jini a rage masa gishiri, wanda likita ya yi wa ƙa'idar abinci kuwa, kamar mai ciwon ƙoda, a tambayi likitan tukuna. Manya sai a yanka masa dabinonmu na Dutse a ci da safe, ko a zuba a kwaɗon zogale, ko a soya a jefa a miyar alayyafo.

Abu na ƙarshe, ajiya. Cuku mai laushi ba ya jure zafi, kin kuwa san zafin garin nan in bazara ta kama, duwatsu sun ɗau rana. In ba firji, ko wutar ba ta tsayawa, ki yi daidai wanda za a ci a ranar. A nan ma awo ya yi miki rana, tunda kin san lita nawa za ki saya. Wanda ya rage ki matse ki soya. In kin ji ya canza wari, ko ya yi yauƙi, kada ki ce asara, ki zubar. Kuɗin magani ya fi kuɗin madara.

Ita ƙanwar tawa, bayan sati biyu ta sake gwadawa. Cuku gwangwani 3, ta tsane shi da kyau, ta bi sauran awon da kofinta mai zare. Ta aiko mini da guda shida a kwano, da saƙon cewa: "Yaya, ki ɗanɗana ki gaya mini gaskiya." Na ɗanɗana. Ban mayar da kwanon ba sai da na aika tambayar ko akwai saura.

To 'yan uwa, kafin mu rabu, a sake dubawa a takarda: cuku mai danshi kofi 1 giram 225, gwangwani 1 giram 150, ruwan leda guda kofi 2 ne, kuma a shafe ake awo. Wadda ta gwada, ta aiko mana da labarin yadda ta kaya, ko ya yi kyau ko bai yi ba, don wata ta ƙaru. Wadda kuma ta ji, ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta da ba su kusa da rediyo. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.